Tukunyar Baba ta daban

Tun da aka fara yi wa mahaifinmu wankin ƙoda a nan Bauchi, cefanen da nake yi a kasuwar Muda Lawal ya sauya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ganyayen da muka taso muna ɗauka magani, irin su alayyafo da zogale, suna cikin waɗanda likita ya ce a rage masa, domin suna da sinadarin fotashiyam da yawa, kuma idan ƙoda ta gaza fitar da shi, yakan taru a jini har ya dagula bugun zuciya. Haka tumatir, ayaba da dankalin turawa.

Dankalin nan Baba yana sonsa, saboda haka nakan fere shi, in yanka siriri, in jiƙa na wasu awanni, sannan in tafasa cikin ruwa mai yawa in zubar da ruwan. Wannan rage sinadarin yake yi, ba ya kawar da shi duka.

Kabeji da albasa ba su da sinadarin da yawa, amma sai na wanke su sosai. Kanwa da dunƙulen magi kuwa mun cire su daga tukunyarsa, kuma duk abin da za mu ƙara masa sai sakamakon gwajin jininsa ya nuna.