Rufin ƙasa da masu ci ba gayya: inda aka kwana a lambuna

Assalamu alaikum ƴan uwa masu koyon lambu, da fatan ana ban ruwa lafiya. Ga inda aka kwana game da shukokin da na baza don su rufe ƙasa a ɗan filina na bayan gari, ta hanyar Mirya.

Ga wanda bai biyo zancen daga farko ba, manufar ita ce kada rana ta tarar da ƙasa tsirara. Ruwan saman da muke samu a Damagaram bai cika nisa da milimita 400 a shekara ba, cikin wata uku zuwa huɗu ya zuba ya ɗauke, sannan a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Ga tsadar ruwa wadda ba sai na gaya wa ɗan garin nan ba. Ƙasar da ganye ya lulluɓe takan riƙe danshi, wadda aka bari fili kuwa kafin azahar ta bushe. Shi ya sa na dasa dankalin Hausa a gindin lemo da mangwaro, na shuka wake mai yaɗo tsakanin kwamai, na bar fasa-ƙaba ta yi yadda take so, na sa na'ana'a kusa da bakin rijiya, yaɗiya kuma a jikin shinge.

Da damina babu wanda ya kula su, daji cike yake da abinci. Kaka na wucewa, ciyawa ta bushe, sai lambun ya zama shi kaɗai ne kore a wajen. Daga nan aka fara yi mini asubanci.

Abin da ya fi amfanata a duk wannan lokacin ba shinge ba ne, tsintsiya ce. Wani dattijo mai lambu a Mirya na kai wa kuka, na ce: "Baba, ana cinye mini dankali, me zan sa?" Ya ce: "Yaro, wa ke ci?" Na ce dabba. Ya yi dariya ya ce ai ni ma dabba na gani da na fito gida. Shawararsa ita ce in zuba rairayi mai laushi kewaye da kwamin, in share shi sumul da magariba, in zo da sassafe kafin iska ta taso in karanta. Ku gwada wannan kafin ku sayi komai, don kowane maci da irin maganinsa.

Ga abin da rairayin da ganyen suka nuna mini. Zomo da dare yake zuwa. Sawunsa dogaye biyu a gaba, ƙanana biyu a baya, domin ƙafafun bayansa kan tsallake na gaba idan yana tsalle. Yankansa a karkace yake, tsaf, kamar an sa reza, kuma yakan bar kashi ƙanana masu zagaye, busassu, a inda ya zauna. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, saboda haka fizga take yi: za ka ga bakin karan a yage, wani lokaci ta tumɓuke dashen gaba ɗaya ta yar. Kurege na rana ne, da hantsi yake fitowa idan mai lambu ya juya baya, kuma ba ganye ne ya fi damunsa ba, iri ne. Ramuka ƙanana a daidai inda ka binne wake, da ɓawo a gefe, aikinsa ne. Gafiya ta dare ce, tana haƙa ta ƙasa ta kai ga saiwar dankali, ka ga yaɗo kore shar yau, gobe ya kwanta, ka ɗaga ka tarar babu komai a ƙarƙashi. Tana cusa abinci a kumatu ta kai rami, shi ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. Fara kuwa daga gefen ganye take ci ta bar jijiya.

Sawun bushiya ma na gani, kuma na so in kore ta. Baba ya ce in bar ta, ƙwari da tsutsa ne yawancin abincinta. Haka mujiyar da ke sauka kan gawon maƙwabcina. Na san yadda mutanenmu ke ji da kukanta, amma ɓera take kwana tana kamawa, kuma ba ta taɓa neman lada wurina ba.

Da na san masu zuwa, sai aikin shinge. Darnin kara da na gada a filin yana tare iska da idon akuya, amma zomo ta ƙasansa yake shigowa, gara kuma tana cin gindinsa. Na ƙara masa ƙayar magarya ta waje. A nan in ja kunnenku: kada ƙaya ta sa ku sare abin da zai haɗa ku da ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta Nijar ta 2004 tana nan, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka hana taɓawa ba izini. Rassan magaryar da ke cikin filinka, waɗanda ka rage wa uwar, sun isa.

Abin da ya tsayar da zomo shi ne griyaj mai ƙananan idanu, irin na kejin kaji, wanda idonsa bai wuce santimita biyu da rabi ba. Tsayin mita ɗaya ya wadatar. Sirrin yana ƙasa: ka haƙa rami kamar taƙi ɗaya, ka saukar da wayar, ka lanƙwasa ƙarshenta ta kwanta waje, ka mayar da ƙasa ka daddanne. Mai haƙa yakan fara ne daga gindin shinge, sai ya ci karo da waya a kwance, ba ya tunanin ja da baya ya sake farawa. Kuɗin griyaj ba wasa ba ne, wanda ya taya a kasuwar Dole ya sani, don haka ban kewaye filin duka ba. Kwaman dankali da na wake kawai na killace. Fasa-ƙaba na bar ta a waje, ko an ci tana dawowa, na'ana'a kuma ban ga wanda ya dame ta ba.

Kurege bai ɗauki griyaj a bakin komai ba, hawa yake yi ya dira. Shi tsohon sange, wato gidan sauro, na yi wa, wanda ya yage aka daina kwana ciki. Na kafa sanduna a lanƙwashe bisa kwamin, na shimfiɗa sangen, na danne gefensa da duwatsu, abin da Allah ya hore wa Damagaram ba awo. Duk inda ya huje a ɗinke, kuma gefen ya kwanta sosai, don tazarar yatsa uku ta ishe shi. Sangen ya kuma raba ni da ƙadangaru masu tsinke tsiro da kurciyoyi masu birgima a kwami. Sai dai a cire shi idan wake ya fara fure, a bar iska da ƙudan zuma su shiga, kuma kada a taɓa wanda yara ke kwana ciki, zazzaɓin cizon sauro ya fi kurege ɓarna.

Wani abu da na lura da shi, wanda ya rage mini wahala: kariyar nan ba ta har abada ba ce. Dankali yana sa saiwa a duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai danshi. Dashen da ke tsaye kan gindi ɗaya, cizo ɗaya ya gama da shi. Wanda ya yaɗu ya kama ƙasa a wurare da yawa, ko an ci rabin ganyensa sai ya sake tofo, har ma ya fi cika. Saboda haka na riƙa ɗora ƴar ƙasa kan gaɓoɓin don su yi saurin kamawa, kuma da kwami ya rufe sai in ɗage sangen in kai wa sabon dashe. Sange ɗaya yana zagaya kwamai da yawa a haka.

Ga fara, ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, nake yi. A daka busassun ƴaƴan kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, rana tana kashe ƙarfinsa, kuma sai an maimaita bayan kwanaki. Ba ya kashe ta nan take, cin ne yake fita mata a rai. Wannan na farar da muka saba da ita ne a ƙarshen damina. Irin farar dango ta 2004 ba aikin mai lambu ɗaya ba ce. Yaran unguwa ma suna taimakawa da sanyin safiya lokacin da ba ta iya tashi, su tsince su kai gida a soya, amma na hana su tsinta a kwamin da aka yi wa feshi.

Tsumman da na rataya da gwangwanaye masu ƙara sun yi aiki na ɗan lokaci, daga baya na ga kurege zaune ƙarƙashinsu yana cin wakena. Ruwan barkono ma da an yi ban ruwa ya wanke.

Guba kam ban sa ba, kuma ba na ba ku shawarar ku sa. Kyanwa za ta ci ɓeran da ya mutu, kajin maƙwabta suna kiwo a wajen, akwai kuma masu kama gafiya su ci. Wani ya ce in shuka duman rafi a gefe tunda dabbobi ba sa son sa. Gaskiya ne yana rufe ƙasa da kyau, amma idan yunwar rani ta sa tunkiya ko akuya ta ci da yawa, makyarkyata take kamawa har ta kasa tsayuwa. Ba zan so dabbar maƙwabci ta faɗi a bakin shingena ba.

Gafiya ce har yanzu ba mu daidaita ba. Na gano raminta a gindin tsohon gini, na toshe da dutse, ta buɗe wani. Yanzu tarkon keji na ɗana da ƙuli-ƙuli a ciki. Idan bazara ta kama zan dasa aguwa a bayan darnin, tunda reshenta ake yankewa a bar shi ya sha iska a kafa, ba ya neman ban ruwa, don in samu shingen da gara ba za ta ci ba. Wanda zai yanka ya kiyaye idonsa da ruwan farin nan nata. Ƴan uwa na wajen Gidimuni da Matamai, ku da kuke da rogo da rake a fadama, ku gaya mana yadda kuke yi da gafiya idan ta riga ta yi rami cikin lambu.