Kwana biyu a bakin Tafkin Inari, ba mu ga dare ba

Daga Oulu muka tashi da sassafe a ƙarshen watan Yuni, ni da wani abokina ɗan Damagaram da muke karatu tare a Finlan. Motar haya ce, mun cika bayanta da tanti, barguna, ƙaramin murhun gas, burodi, ƙwai da kwalbar yaji. A Rovaniemi mai kawai muka sha muka wuce. Daga nan zuwa Inari kusan kilomita 330 ne a kan titin E75, ta Sodankylä da Ivalo, kuma mafi yawansa daji ne da fadama. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko mai tallan ruwa ba.

Masu tare hanya a can barewar Samiyawa ce, wato 'yan asalin yankin da ke kiwonta. Za ka gansu tsaye a tsakiyar kwalta, ƙaho reshe-reshe, ko a jikinsu. Na ɗauka na daji ne, ashe kowace da mai ita, da shaida a kunne. Wani mutum da muka haɗu da shi a gidan mai na Ivalo ya gargaɗe mu kada mu tambayi Basamiye yawan garkensa. Abokina ya yi dariya ya ce ai mun san wannan, wa ke tambayar Bafulatani shanunsa nawa?

Da yamma muka isa. Tafkin ya haura murabba'in kilomita 1,000, da tsibirai sama da 3,000, ruwan garai-garai har kana ƙirga duwatsun ƙasa. Dokar ƙasar ta ba kowa damar kafa tanti na ɗan lokaci a daji muddin bai matsa kusa da gidan mutane ba, amma hura wuta sai inda aka tanada. Muka kafa, muka ɗora shayi. Sai sauro ya yi mana maraba. Ban taɓa ganin irinsa ba, har cikin kofi yake faɗawa. Sauƙin abin dai ba ya sa maleriya.

Na yi alwala da ruwan tafkin, yatsuna suka ƙage don sanyi. Muka yi la'asar, muka zauna jiran magariba. Ƙarfe goma, rana na nan. Sha ɗaya, tana nan. Wajen ƙarfe ɗaya ta sauko can ta arewa, ta yi ja-ja a kan ruwa kamar za ta faɗi, sai kuma ta fara hawa. A wannan yankin kusan wata biyu take yi ba ta faɗuwa. Na sha karanta haka, amma ganinsa daban ne.

"Malam, to yaya ke nan?" in ji abokina.

Na tuna malamai sun ce a irin wannan wuri a bi lokacin Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da rana. Muka duba waya, muka bi na Makka, muka rama magariba da isha'i inuwarmu na miƙe a kan duwatsu.

Barci kuwa sai da na ɗaure idona da rawani. Shi ko ya haƙura, ya sake ɗora shayi.