Inda sirrin majiyyaci yake tsayawa

A watan Agustan 1969 wani ɗalibin Jami'ar Kalifoniya da ke garin Bakili (Berkeley) a Amurka, Prosenjit Poddar, ya faɗa wa likitan ƙwaƙwalwar da ke duba shi cewa zai kashe wata budurwa. Likitan ya sanar da 'yan sandan jami'ar. Suka tsare shi, suka ga kamar yana cikin hayyacinsa, suka sake shi bayan ya yi alkawarin rabuwa da ita. Babu wanda ya gargaɗi budurwar ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba ya kashe budurwar, Tatiana Tarasoff. A 1976, a shari'ar da ta biyo bayan kisan, Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta ce idan likita ya gane majiyyacinsa haɗari ne ga wani, wajibinsa ne ya ɗauki matakin kare mutumin.

Abin da muka fi koya daga wannan shari'a shi ne, sanar da hukuma kawai ba ya sauke nauyi. Poddar ma daina zuwa asibitin ya yi, ya fita daga idon masu kula da shi.

Saboda haka da zarar majiyyaci ya ambaci kisa, a tambaye shi kai tsaye: wa yake nufi, yaushe, da me, makamin yana hannunsa? Ya taɓa raunata wani? Yana shaye-shaye? Akwai muryar da ke umartarsa? Wanda ya ambaci suna da wuri da makami daban yake da mai furucin fushi. Sannan a nemi shawarar babban likita a ranar. Sau da yawa kwantar da shi a asibiti, gyara magani, da sa dangi su ɗauke makamin sun wadatar. In dole a fitar da sirrin, a fara gaya wa majiyyacin, sai fa idan hakan zai ƙara haɗarin. A faɗi barazanar kaɗai ga wanda zai iya hana ta, tarihin cutarsa ba na kowa ba ne. A rubuta komai a fayil, har da lokaci da dalili.

Gaggawa ma tana ɓarna. Mai ciwon waswasi yakan zo yana kuka saboda tunanin soka wa ɗansa wuƙa yana faɗo masa, alhali tunanin tsoratar da shi yake yi, ba niyyarsa ba ce. Kai rahoton irin wannan zalunci ne, kuma da wuya ya sake buɗe baki gaban likita.