Inda na kai a koyon ba da hannu a kan keke

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Tun da damina ta ja baya na koma fita motsa jiki da keke bayan sallar asuba a nan Kano. Ƙafa ta saba da feda, numfashi ma ya daidaita. Abin da na sa a gaba yanzu shi ne ba da hannu a titi, wato nuna wa na baya da hannu inda za ka nufa, da yadda ake wuce ɗan uwa ba tare da an firgita shi ba.

Babban abin da na gane shi ne, kafin hannu ya tashi sai wuya ya juya. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, to a kan keke ya wuce ado. Wanda ya miƙa hannu ya sha kwana bai duba baya ba, ya ɗora ransa a kan birkin wani. Wahalar kuwa ita ce keke yana bin kai: da ka juya wuya hagu, kafaɗa ta ja kan keken, sai ka tsinci kanka a tsakiyar kwalta. A filin ƙwallon unguwarmu na yi maganin wannan. Na ja dogon layi a ƙasa, wani abokin fitata ya tsaya a baya yana ɗaga yatsu, ni kuma ina bin layin ina waiwayowa in faɗi yatsu nawa ya ɗaga. Sirrin shi ne ka sassauta riƙo, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ka sauke haɓa wajen kafaɗa maimakon ka murɗa jiki duka. In ya ƙi, ɗora hannun hagu a cinya sannan ka juya. Yanzu alhamdu lillahi ina waiwayawa taya ba ta barin layi.

Alamomin su kansu ba su da yawa. Za ka yi hagu, miƙa hannun hagu sosai daidai kafaɗa. Za ka yi dama, miƙa na dama. Za ka rage gudu ko ka tsaya, sauke hannu ƙasa, tafinsa yana kallon na bayanka. In muna tafiya a jere, na gaba yana nuna rami ko fasassun kwalabe da yatsa, kowa ya isar wa na bayansa. A Amurka wasu suna ɗaga hannun hagu sama a lanƙwashe don nuna za su yi dama, al'adar da aka gada daga direbobin mota masu fito da hannu ta taga. Ban ga amfaninta a titunanmu ba. Wanda ke bayanka zai ɗauka gaisuwa kake yi.

Akwai abin da nake so kowa ya duba yau ɗin nan kafin ya hau: wane hannu ne ke riƙe da birkin gaba a kekenka? Yawancinmu kekuna na hannu, waɗanda aka riga aka yi amfani da su, muke saye, kuma ba daga ƙasa ɗaya suke zuwa ba. Na Ingila da Japan galibi birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai yana hagu. Ka ɗaga tayar gaba, ka juya ta, ka matse ka gani. In ka saki hannu ɗaya kana ba da alama, ɗayan kuma yana kan birkin gaba, ka damƙe shi da ƙarfi a firgice, keken na iya watso ka ta gaba. Shi ya sa nake rage gudu tun da nisa, in waiwaya, in ba da hannu a ga alamar sarai, in mayar da shi kafin in shiga kwanar. Hannu biyu ake shan kwana da su.

Batun wuce mutum kuwa, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana ta biyo baya a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi ma dama suke bi. Ke nan ta hagu ake wuce na gaba. Kutsawa tsakanin mutum da bakin kwata ba ƙwarewa ba ce, domin can ne zai kauce in wani abu ya taso masa.

Wanda na fi kula da shi shi ne dattijon da ya ɗauro buhunan gawayi ko jarkokin ruwa a tsohon Raleigh ko Phoenix. Kayan sun fi keken faɗi, ba ya iya waiwaye, kuma in ya karkace da wuya ya dawo daidai. Daga nesa nake kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, in na matso in ce, “Sannu Baba, zan wuce ta hagunka.” Sau da yawa za ka ji ya ce, “Bismillah, wuce.” Sai in ba shi fili, kuma ba na dawowa gabansa sai na tabbata tayata ta baya ta bar shi da nisa. Yana ɓata min rai in ga matashi ya shafto dattijo irin wannan a guje ba ko sallama, yana ganin burgewa ce. A Faransa doka ta ce mai mota ya bar wa mai keke mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari, Ingila ma ta sa mita ɗaya da rabi a ƙa'idojin hanyarta a 2022. In muna son masu mota su yi mana haka, mu ma sai mu yi wa juna.

In kai ake wucewa, riƙe layinka, kada ka ƙara wuta. A jere kuma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan ɗan uwa, don in sun gogu kai ne za ka sha ƙasa.

'Yan adaidaita sahu darasi ne mai zaman kansa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 su ne suka cika titi, kuma abincinsu yana bakin hanya, daidai inda muke bi. Na daina kallon ɗan sahun shi kaɗai, ina kallon mutanen da ke tsaye a gefe. Da na ga wata ta ɗaga hannu, na san zai yanko dama ya tsaya, sai in sassauta tun kafin ya yi. Tirela da tifa kuwa, kada ka taɓa shiga gefensu na dama a kwana. Direban ba ya ganinka, kuma tayoyin baya suna yankowa ciki fiye da na gaba. Ka tsaya a baya su gama.

Abin da ya rage min shi ne shataletale, inda ake buƙatar waiwaye da hannu da birki kusan lokaci guda. Zan fara da ƙanana da sanyin safiyar Lahadi, kafin titi ya cika. Hunturu ma na tafe, hazo zai sa a daina ganin hannu daga nesa, don haka na tanadi riga mai ƙyalli da jar fitila ta baya. Wanda zai fito tare da mu ya zo da hular kwanonsa.