Fulogin silinda ta 5 ya fito, zare bai ci ba

Jiya bayan la'asar fulogin ƙarshe ya fito daga injin Highlander ɗina, zarensa, wato tsagin da ake murza shi a kai, lafiya lau. Alhamdu lillahi. Kwana biyu ya yi yana wahalar da ni, shi ya sa na ce bari in rubuta muku tun abin yana da ɗumi, musamman masu irin motata, ƙirar 2005 mai inji 3MZ-FE, silinda shida.

Tun farkon hunturu motar take kakkarwa in na tsaya a cunkoson Kwangila a Zariya, in na taka totur a hawa kuma sai ta riƙa shaƙewa. Na jona ƙaramar na'urar duba inji, ta nuna P0305. Wato silinda mai lamba 5 ce ba ta ƙona mai daidai, kuma a wannan injin 1 da 3 da 5 su ne na baya, ƙarƙashin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, manne da bangon da ya raba inji da cikin mota. Na gaba uku ba su ci mini ko rabin awa ba, kuma da na fito da su ba su tsufa sosai ba. Da na isa ga na baya ne raina ya ɓaci. Lamba 1 da 3 bakinsu ya cinye, tazarar da ya kamata ta tsaya a milimita 1.1 ta buɗe har ido yana gani, kuma ba ma iri ɗaya ba ne da na gaba. Ashe wanda na biya kuɗin canjin fulogi shida shekara biyu da suka wuce uku kawai ya canja, ya rufe bonet. Ba zan kama suna ba, amma abin ya yi mini ciwo, don na yarda da shi.

Cire manifol ɗin kansa aiki ne. Sai da na kwance waifa da farantin da ke ƙarƙashinta kafin hannu ya samu wurin shiga, notukan ƙarafan da suka tallafo shi ta baya kuwa da lalube na same su, ido ba ya kaiwa. Na toshe ramukan iska da tsumma mai tsabta, don ƙurar Zariya a wannan lokaci ba ta jiran kowa, sannan na busa kowane ramin fulogi da famfon taya kafin in sa soket.

To, lamba 5. Na zura soket 16 da doguwar sanda, na ja, ya motsa kaɗan da wata ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa, sai ya cije. Nan gabana ya faɗi. Kan injin nan alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe, in ka yi masa ƙarfi ba fulogin ne zai sallama ba, zaren cikin kan injin ne zai biyo shi. Daga nan sai neman mai gyaran zare, a wurin da ko gani ba a yi sosai, in abin ya ƙi kuma a sauke kan injin gaba ɗaya. Maƙwabcina, dattijo ne da ya daɗe yana tuƙin babbar mota, ya leƙo ta katanga ya tarar ina neman bututun da zan ƙara wa sifana tsawo. Ya ce, "Ɗana, ajiye wannan bututun. Mayar da shi ciki tukuna." Na ce, "Baba, fitowa nake so ya yi." Ya ce ai ya sani, in mayar dai.

Na mayar da shi inda yake, na fesa WD-40, man sassauta tsatsa, a ramin, na bar shi ya kwana. Da safe, inji a sanyaye, na fara: kwata ɗin juyi waje, in ya yi tauri in dawo da shi ciki, in ƙara feshi, in jira. Abin da ke faruwa shi ne, bakin zaren da ya leƙa cikin silinda ya tara baƙin gawayi na shekaru, duk juyin da ka yi kana jawo wannan dattin ne ta cikin zaren alminiyam. Komawa baya shi ke farfasa shi, ya ba mai hanyar ratsawa. Na yi haka ya fi sau talatin. Wajen azahar na samu juyi ɗaya cikakke, ya sake cijewa, har na yi tunanin kiran janwe a kai ta gareji. Na je na yi salla, na ci abinci, na dawo na ci gaba. Ƙaramin ɗana yana riƙe mini tocila, hannuna duk ya kurje a jikin ƙarfen bayan inji. Can sai na ji nauyin ya ragu a tafin hannuna, sifana tana tafiya ba gardama. Da ya fito na haska zaren, baƙi ƙirin, amma babu ko ɓurɓushin farin ƙarfe a jikinsa. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Kuɗi kam sun fita. Fulogin Denso SK20R11 guda shida na saya a Sabon Gari, naira dubu goma sha huɗu kowane, bayan na ƙi wasu masu rabin kuɗin da rubutun jikinsu yake gogewa da farce. Ga sabon gaskit na manifol, shimfiɗar da ke toshe mahaɗinsa da inji, don ban yarda in mayar da tsohon ya riƙa shan iska ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne koyil, abin da ke ba fulogi wuta. Tunda wurin ba ya buɗuwa da sauƙi, na ɗauko koyil uku na gaba, waɗanda na tabbatar da lafiyarsu, na kai su baya, na dawo da na baya gaba, inda noti ɗaya ne ka cire. Garin haka ne ɗan maƙallin robar wayar ɗaya ya karye, zafi ya riga ya busar da shi, sai da na sake komawa kasuwa.

Wajen ɗaurawa ban taɓa bakin fulogin ba, tsinin iridiyam siriri ne, ɗan lanƙwasawa yana lalata shi. Na cusa kan kowane a guntun tiyo na fara murza shi da yatsu, don in ya hau zare a karkace tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Da ya zauna sai na ƙara rabin juyi da sifana.

Yau da safe na goge lambar P0305 ɗin da na'urar duba inji, na bi hanyar Samaru har gaban Jami'ar Ahmadu Bello na juyo. Fitilar gargaɗi ba ta dawo ba, a tsaye kuma sitiyari ba ya rawa. Abu ɗaya ya rage: na ga ɗan danshin baƙin mai a ramin lamba 4, alamar robar murfin bawul ta fara saki. Na goge shi, zan sake dubawa bayan mako biyu.