Lambar 191 da haruffanmu masu lanƙwasa

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta ba ni aikin ɗauke manhajar rajistar mambobinta zuwa sabuwar uwar garke. Rumbun bayanan MySQL 5.6 ne, kuma an bar shi a kan latin1, tsarin haruffan da yake zuwa da shi tun daga masana'anta. Shi kuwa latin1 bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, bai san ₦ ba. Sunan Ɗanladi ya koma ?anladi, kuma duk abin da aka riga aka ajiye da alamar tambaya ya tafi ke nan, sai dai a sake rubutawa da hannu.

Na zaɓi utf8mb4, tsarin haruffan da ke ba kowane harafi har bayit 4 (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta). Wanda MySQL ke kira utf8 kawai tarko ne: bayit 3 ne iyakarsa ga kowane harafi. Haruffanmu masu lanƙwasa bayit 2 suke ci, ₦ tana cin 3, duk suna shiga, amma da wani ya saka emoji mai bayit 4 sai a ƙi karɓa ko a datse rubutun.

Da na zo gina teburin masu amfani a Laravel, tsarin da nake rubuta manhajar da shi, sai kuskure mai lamba 1071 ya tare ni, wai mabuɗin ya wuce bayit 767. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. InnoDB, injin ajiya na MySQL, a tsohon tsarin jeri na COMPACT ba ya yarda fihirisa, wato mabuɗin da ake neman bayani da shi, ta wuce bayit 767 a gurbi guda. Gurbin adireshin imel haruffa 255 ne. Sau bayit 3 na utf8 ya ba da 765, ya tsallake da ƙyar, shi ya sa shekara da shekaru ba wanda ya koka. Sau bayit 4 na utf8mb4 kuwa 1020 ne. Daga nan 191 ta samo asali, domin 191 sau 4 shi ne 764. WordPress ma haka suka rage fihirisarsu a sigar 4.2 ta 2015.

Maganin gaske shi ne a mayar da tebur sabon tsarin jeri na DYNAMIC a kunna saitin innodb_large_prefix, iyakar ta tashi zuwa 3072. Amma uwar garken ta haya ce, mu da yawa a kai, kuma mai ita bai yarda a taɓa saitinsa ba. Dole na sa Schema::defaultStringLength(191), umarnin Laravel da ke rage tsawon gurbi zuwa haruffa 191. Bai dame ni ba, ban taɓa ganin imel ɗin da ya kai rabin haka ba.

Abu ɗaya da ke yaudarar mutane: canza tsarin haruffa na rumbun bai shafi teburan da suke ciki ba, sababbi kawai yake kamawa. Kowane tsohon tebur sai na bi shi da CONVERT TO CHARACTER SET, sannan na gyara saitin haɗin manhajar shi ma ya zama utf8mb4.

Yanzu kafin in karɓi aiki, sigar MySQL nake fara tambaya. In 8.0 ce, utf8mb4 da DYNAMIC duk suna zuwa a saite.