Ranar da na share zanen Baba

Hoton yana nan bayan ƙofar shagona na ɗaukar hoto a Mabera, cikin garin Sakkwato, na juya fuskarsa ga bango. Inci 16 da 20, firem mai ruwan zinari, gilashi ko ƙwarzane babu. Na kasa jefar da shi, na kuma kasa rataye shi.

Wata biyar ke nan da buɗe shagon lokacin da abin ya faru. Kayan aikina duka kyamara Canon 600D ce ta hannu, da gilashin gaban kyamara (lens) na 50mm, da filasha ɗaya, da tsohuwar kwamfuta. Masu zuwa wurina yawanci amare ne da ƙawayensu, sai ɗaliban Jami'ar Danfodiyo masu hoton gama karatu, kuma kusan bakinsu ɗaya: a ƙara haske, a goge ƙuraje. Na yi ta yi har hannuna ya saba, ya zama da na buɗe hoto sai in nufi fata ba tare da na tsaya na kalli mutumin ba. A nan ciwon ya fara, ko da yake a lokacin ni gani nake ƙwarewa ce ta zo.

Wani magidanci ya same ni cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan na Sakkwato da ko kyamara sai ka ji ta ɗau ɗumi a hannu. Ya ce mahaifinsa ya zo daga Sabon Birni ganin likita, kwana uku kawai zai yi, yana son a yi masa babban hoto na falo. Dattijon bai taɓa zama don a ɗauke shi ba, in ban da na katin zaɓe da na fasfon Hajji. Na je gidan bayan azahar, ba wuta, falon da duhu. Baba ya fito cikin farar babbar riga da rawani, da zanen Gobirci a kumatunsa biyu, layuka sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Na gan su da idona. Tun ina yaro na san wannan zane, don haka ba ni da uzurin rashin sani.

Na ɗora filasha a kan kyamara na haska shi kai tsaye, saboda ina sauri kada in gajiyar da shi. Zane rami ne a fata, kuma inuwar da ke kwance cikinsa ce take nuna shi. Idan haske ya zo daga inda kyamara take, sai ya cike ramin, fuska ta baje. Ga kuma farar riga da ta ruɗi ma'aunin kyamara: ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, rigar ta fito da kyau, fuskar ta nutse. Kuma a JPEG na ɗauka, wato hoton da kyamara ta matse ta rage masa nauyi, don katin ajiyar hotunana ƙarami ne, hoton RAW ɗaya na wannan kyamarar, wato ɗanyen hoton da ba a rage masa komai ba, yana cin kusan megabait 25. JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW ɗinta kuwa sama da 16,000. Da dare da na zo ɗaga hasken fuskar, sai ta fashe da dabbare-dabbare da yashi-yashi, domin babu abin da zan jawo daga cikin duhun.

Maimakon in kira ɗan in ce a ba ni minti goma gobe da safe in sake, sai na ce gyara zai rufe. Na jawo hoton kusa har kunci ɗaya ya cika fuskar kwamfuta, na sa abin sumulce fata, na ƙara, na sake ƙarawa. Yashin ya tafi, rabin zanen ya bi shi. Abin da ya rage ya zama guntu-guntu kamar datti, sai na ɗauki buroshin share tabo na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban ja baya ko sau ɗaya na kalli fuskar gaba ɗayanta ba. Na adana a kan hoton asali, washegari na share katin don ina da aikin kamu, na kai aka wanke, aka sa firem.

Ranar da na kai, Baba ya riga ya koma gida. Ɗan ya kware takardar a gaban yayarsa. Shiru ya yi tsawo. Hajiyar ce ta fara magana.

"Wanga wane na? Ina zanen Baba yat tahi?"

Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi kay yi mishi?" Na ce, "Alhaji, gyara ne na yi." Ya ce duk inda mahaifinsu ya shiga, kafin ya buɗe baki an san Bagobiri ne, kuma su 'ya'yan ba a yi wa ko ɗayansu ba, a kansa ya tsaya a gidan. Shi ya sa suke son hoton, don jikoki su gani. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na mayar masa da kuɗinsa, kuɗin wanki da firem suka tashi a kaina, kuma wannan ne mafi ƙanƙantar asarar. Na koma shago na sa manhajar dawo da abin da aka goge a katin, amma hotunan kamu sun riga sun hau kan wurin. Na kwana ina ƙoƙarin zana layukan da hannu a manhajar gyaran hoto ta Photoshop. Wajen asuba na tsaya, domin na gane ban san adadinsu ba, ban san inda kowane ya fara ya ƙare ba, kuma ƙirƙira wa dattijo zane na ƙarya ya fi share na gaskiyar muni. Zuwa Sabon Birni kuwa, kowa a jihar nan ya san halin da hanyar take ciki, mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba. Na koma wurin Alhaji na sake ba shi haƙuri, na roƙe shi duk ranar da Baba ya dawo ya kira ni, ko sisi ba na so.

Wata takwas na jira, kuma a cikinsu ne na koyi aikin da na ɗauka na iya.

Filasha ta sauka daga kan kyamara, ba ta sake hawa ba. Na ɗauki ƙanena na zaunar da shi a ƙofar zaure kusan kullum da safe, ina juya shi kaɗan-kaɗan ina kallon yadda inuwa take tafiya a fuskarsa. Haske daga gefe, ya ɗan fi ido tsawo, sannan farin kwali na 'yan kuɗi kaɗan a ɗaya gefen yana mayar da shi don kada inuwar ta yi nauyi. Ranar Sakkwato daga hantsi zuwa la'asar ba ta hoto ba ce, tana huda ido ta sa goshi ƙyalli, don haka ko dai kafin ƙarfe 9, ko bayan la'asar sakaliya, ko a cikin inuwa mai fuskantar fili. Na daina buɗe gilashin kyamara har f/1.8, wato buɗi mai faɗi sosai, don kawai bayan mutum ya narke. A wannan buɗin ido ɗaya ne ke fita sarai, kunci ya fara laushi, ga shi a kunci labarin wasu yake. Ga dattawa f/4 nake tsayawa, wato na ɗan tsuke buɗin, saiti a kan idon da ya fi kusa da ni. Haske kuma a kunci nake auna shi, ba a riga ba, sannan in duba ko farin ya ƙone. Na sayi babban kati, RAW kawai, kuma ba na share shi sai aiki ya isa hannun mai shi, bayan na ajiye kwafi a wuri biyu.

Idan haske ya yi daidai tun wajen ɗauka, sai ka tarar gyaran bai wuce minti goma ba. Duk daren nan da na kwana ina sumulce fuskar Baba, ɓarnar filashata nake binnewa.

A gyaran kansa ƙa'ida ɗaya na riƙe, wadda masu wannan sana'a suka daɗe suna faɗa: abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, shi ake cirewa. Ƙurji, ƙura, zufa, zaren da ya maƙale a wuya. Abin da ya zauna tare da mutum kuwa, zane, bille, tawadar Allah, wushirya, tabon sujada, tamoji, furfura, ba na taɓawa sai mai shi ya faɗa da bakinsa. Akwai 'yan matan da kan ce in rage musu bille, fuskarsu ce, ina yi, amma a kwafi daban, in ba su duka biyun. Kowane gyara a shimfiɗarsa daban yake, asalin yana ƙasa ba a taɓa shi ba, kuma duk bayan minti biyu sai na ja baya na kashe gyaran na kunna, in tambayi kaina ko uwar wannan mutumin za ta gane shi.

Maganar ƙara haske har yanzu muna ja da amare, kuma ba na ɓoye cewa ba na son ta. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom fatar mutum, fari ko baƙi, a launin lemo take zaune. Ka ja hasken wannan launin sama, fuska ta yi toka-toka, jan lallen hannu ya koɗe tare da ita, wuya da fuska su raba gari. Nakan buɗe biyun gefe da gefe in ce ta dubi lallenta. Da yawa a nan suke cewa a bar na farkon. Baƙar fata da aka haska da kyau tana da sheƙin da babu manhajar da za ta ba ka, kuma takaicina shi ne sai da na ɓata hoton dattijo kafin na fara ganin haka. Yanzu kuma ba na wanke babba sai na tura wa mai shi ta WhatsApp ya amince, sannan in wanke ƙarami na inci 4 da 6 in gani a takarda, don kwamfuta takan nuna hoto da haske fiye da yadda zai fito. Saƙo ɗaya irin wannan da ya cece ni a watan Afrilu.

Alhaji ya kira cikin Disamba. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe rana ya tace haskenta ya yi laushi. Na isa ƙarfe takwas da rabi, na nannaɗe kyamara cikin tawul saboda ƙura. Kafin komai na durƙusa na gaya wa Baba abin da na yi, don ashe 'ya'yan ba su taɓa faɗa masa ba. Ya ce, "Ba komi ɗana, tashi ka yi aikinka." Na zaunar da shi a bakin zaure, haske daga hagunsa, jikansa na riƙe da kwali a dama. Da na leƙa bayan kyamara na ga layukan sun fito ɗaya bayan ɗaya, kowane da siririyar inuwarsa, sai da hannuna ya yi rawa. A gyara ƙwayar ƙura biyu na cire a kan rawani, na ɗan rage farin rigar, shi ke nan.

Wannan karon yana nan aka kai. Ya sa aka matso masa da shi, ya ɗora yatsa a kan gilashin yana bin layukan. Ya tsaya a kan na ƙasa, wanda ya ɗan lanƙwasa kusa da haɓa, ya kira jikan.

"Ka ga wanga da yak karkace? Inna ta ce motsi niy yi hannun wanzami."